Wa Ya Rubuta Sunan Kakanka?

 Yau a kan ƙidayar jama'a za mu yi sharhi. Na san da an ce ƙidaya, hankalin ɗan Najeriya yakan tafi kan gardamar wace jiha ta fi wace yawa, da yadda za a raba kuɗin tarayya. Mu ajiye wannan tukuna. Akwai wani amfani da takardun ƙidaya suke yi wa mutanen wasu ƙasashe wanda mu har yau ba mu ɗanɗana ba, wato neman asalin dangin da suka yi ƙaura.

Ranar 1 ga Afrilu, 2022, gidan adana takardun tarihi na Amurka ya buɗe wa kowa takardun ƙidayar 1950. Dokarsu ta ce a rufe bayanan mutane shekara 72, in wa'adin ya cika a sake su. Abin da ke kan shafi guda shi ne sunan titi, lambar gida, sunan mai gida da na matarsa da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, shekarun kowa, inda aka haife shi, da sana'arsa. Da yake duk shekara goma suke ƙirga kansu, sai mutum ya riƙa komawa baya, 1940, 1930, 1920, yana ganin kakansa yana ƙara yarinta a kan takarda. A ƙidayoyin 1900 zuwa 1930 har an tambayi baƙi shekarar da suka shigo ƙasar. Da ka sami shekarar, sai ka nufi jerin sunayen fasinjojin jiragen ruwa da suka sauka a tsibirin Ellis, inda mutum fiye da miliyan 12 suka bi tsakanin 1892 da 1954, a nan ka ga garin da ya baro a Italiya ko Rasha. A Ingila shekara 100 ake jira, shi ya sa sai a Janairun 2022 aka buɗe ta 1921. Su ma ba su tsira daga asara ba: wuta ta cinye mafi yawan takardun Amurka na 1890, ta kuma cinye na Ingila na 1931 ƙurmus.

To, mu dawo gida. Duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Kachia ranar Alhamis, ya wuce Kujama, ya san inda mota take tsayawa cik saboda cunkoso. Kasuwan Magani ke nan, a ƙaramar hukumar Kajuru. Ga Adara, ga Hausawa, ga Fulani da shanunsu, ga Gbagyi, ga 'yan kasuwa daga kudancin ƙasar nan suna lodin masara da dawa. Da wuya ka sami gida a garin da ba shi da labarin ƙaura, ko dai kaka ya zo daga wani wuri, ko wani ɗan'uwansa ya tafi bai dawo ba. A ce yau wani saurayi ya sauka a tashar garin daga zangon Kumasi, ya ce kakansa kafin ya rasu ya sha faɗa masa cewa su mutanen ƙasar Kajuru ne, ya fita yana matashi, ya yi aikin kuza a Bukuru, ya gangara Kafanchan, daga nan jirgin ƙasa ya yi kudu da shi. Saurayin nan yana da sunan kakan, yana da sunan ƙasar. Wane ofishi za mu nuna masa?

In muka tura shi Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, lissafi za a ba shi. Za a ce masa a 2006 an sami mutum miliyan 140 da 'yan kai a Najeriya, miliyan 6.1 a jihar Kaduna, kimanin dubu 110 a ƙaramar hukumar Kajuru. Ba za a nuna masa suna ko ɗaya ba. Haka abin yake tun daga tushe. Ƙidayar 1921 a lardunan Arewa, wani Bature mai suna C. K. Meek aka ɗora wa, ya kuma fitar da rahotonta a 1925 cikin littafi mai juzu'i biyu, wanda yawancinsa bayanin ƙabilu ne da al'adunsu. Ta 1931 ta zo daidai da farin dango, aka kwashe ma'aikata da dama aka tura yaƙi da fara. Ban da Legas da 'yan garuruwa da ƙauyuka kimanin 200 a Arewa, sauran duk daga littafin haraji aka ƙiyasta. A 1941 ana yaƙin Hitila, ba a yi ba. Ta 1952 ta ba Arewa mutum miliyan 16.8. Ta 1962 aka soke, aka sake a 1963, ta 1973 gwamnatin Murtala ta yi watsi da ita, sai 1991, sai 2006. Wadda aka shirya yi a Mayun 2023 aka ɗage ta saura 'yan kwanaki. Duk cikinsu babu wadda aka buɗe wa talaka ya je ya duba shafin gidansu.

Ƙidayar da ta san sunan kakanninmu ita ce ta haraji, kuma ba don ƙauna ta san shi ba. Tsofaffi suna iya ba da labarin yadda ake yi. Bayan an kawar da amfanin gona, malamin haraji zai iso daga wurin hakimi, a shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gidan dagaci ko sarkin ƙauye, ya buɗe littafi. Masu unguwa su riƙa kiran masu gida ɗaya ɗaya. Wane ɗan wane, maza baligai nawa ne a gidanka? A leƙa hammatar yaro, ko a dubi gemunsa, a ce wannan ya isa biya. Bafulatani kuma a ƙirga masa shanu don jangali. In ka biya a yago maka rasit, ɗan guntun takarda mai ɗauke da sunanka da ƙauyenka da shekara da abin da ka biya. Wannan rasit shi ne katin shaidar mutum a lokacin. Ba ya tafiya ci-rani sai da shi a aljihu, don ɗan doka na iya tare shi a hanya ya ce ya nuna. Har gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kaduna bayan hawanta a 1979, haka ake yi. Saboda haka abin da zan fara gaya wa baƙonmu na Kumasi shi ne ya koma ya buɗe tsohuwar adakar kakansa. In an yi dace, a ƙarƙashin rigunan akwai rasit guda da ya yi ja saboda tsufa, kuma sunan ƙauyen da ke jikinsa ya fi duk alƙaluman Abuja amfani a wurinsa.

Amma a yi hattara da littafin haraji, don an yi masa ƙarya iya ƙarya. Wa zai faɗi gaskiyar yawan gidansa ga mai karɓar kuɗi? Samari sukan hau dutse ko su shige kurmi sai malam ya tafi. Makiyayi ya kora rabin garkensa hayin kogi. Wani dagacin ya rage suna ya ci rarar, wani ya bar sunan mamaci ana biya masa. Wannan tsoro ba a Arewa kaɗai yake ba. Boren matan Aba na 1929 daga ƙirgar mata da dabbobi ya tashi, don sun ɗauka haraji za a ɗora musu. In ba ka ga sunan kakanka a jerin wata shekara ba, kada ka yanke cewa ba ya garin. Wataƙila yana kan dutse.

Daga adaka sai Kaduna. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke titin Yakubu Gowon yana riƙe da fayilolin lardunan Arewa, akwai kuma Gidan Arewa a titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, wanda aka mayar cibiyar bincike a 1970. Abin da ya fi amfani a can shi ne rahotannin da jami'an mulkin mallaka suke rubutawa in sun zagaya gunduma don ƙayyade haraji. Sukan jera ƙauyuka da yawan maza da mata da yara da dabbobi, masaƙa nawa, maƙera nawa, su kuma rubuta abin da dattawa suka faɗa musu game da inda kowace unguwa ta taso da jerin waɗanda suka yi sarautarta. Jerin sunayen masu biya ɗaya ɗaya kuwa yawanci a hannun hakimai da ofishin En'e ya tsaya, gara da ɗigar ruwa suka yi rabonsu. Sannan dole mai nema ya san iyakokin da. Kajuru a lardin Zariya take. Jama'a, wato ƙasar Kafanchan, tana lardin Nasarawa har 1926, aka mai da ita lardin Filato, daga baya ta koma lardin Zariya. Ko a ƙidayar 1991 ba za ka ga ƙaramar hukumar Kajuru ba, tana cikin Chikun, sai a zamanin Abacha aka yanke ta. Haka sunayen ƙabilu: a tsofaffin fayiloli Kadara za ka nema ba Adara ba, Kaje maimakon Bajju, Katab maimakon Atyap, Jaba maimakon Ham.

Babban giɓin littafin haraji shi ne mata. A wurinsa mace lamba ce a gidan wane. Wanda yake neman kakarsa mace, in Musulma ce, ya nufi tsofaffin littattafan kotun alƙali, domin a rabon gado ba a tsallake kowa: matan mamaci da 'ya'yansa mata duk sai an ambace su, tunda kowace da rabonta. In Kirista ce, ya nufi littafin baftisma da na aure. 'Yan mishan na SIM sun kafa tasha a Kwoi tun 1910, Katolika ma sun daɗe a yankin, kuma littafinsu yakan ɗauki sunan uwa da uba da ƙauye. Ina ganin a kudancin Kaduna babu wata hukuma da ta riƙe sunayen talakawa da kyau kamar coci, sai dai littattafan suna warwatse, kowanne a kabad ɗin wani fasto ko fada.

Akwai kuma ƙaurar da ba a son tunawa, wadda ba da son rai aka yi ta ba. A ƙarni na 19 masarautu irin su Kajuru da Kauru da Jama'a suna kai gaisuwa Zazzau, kuma bayi na cikin abin da ake kaiwa. Mutanen da aka kama a duwatsun nan, wasu a rinjojin Zariya da Kano suka ƙare, wasu sun ƙetare Sahara, wasu bakin teku. Baƙaƙen Amurka sun san wahalar bin sawun kakannin da aka bautar sarai. A ƙidayoyinsu na 1850 da 1860 sunan ubangiji ake rubutawa, bawa kuwa shekarunsa da jinsinsa da launinsa kawai. Sai a 1870 aka fara rubuta su da sunayensu. Mu a nan, bayan Turawa sun shelanta cewa duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris, 1901 ɗa ne, kotuna sun riƙa buɗe rajistar waɗanda suka fanshi kansu ko aka 'yanta, da suna da ƙiyasin shekaru da ƙabila, har zuwa 1936 da aka haramta bautar gaba ɗaya a Arewa. Wani abin mamaki ma yana Saliyo. Wani ɗan mishan Bajamushe, Sigismund Koelle, ya zauna a Firitawun da bayin da jiragen Ingila suka ƙwato a teku, ya tambayi kowanne kalmomi kusan 300 na harshensa, ya rubuta garinsu, yadda aka kama shi, shekara nawa da rabonsa da gida, da 'yan ƙabilarsa nawa ya sani a Saliyo. A littafin da ya fitar a 1854, Polyglotta Africana, akwai harshen Ham, akwai Koro, akwai Yeskwa. Wato shekaru da dama kafin Bature ya taka Kwoi, an riga an rubuta maganar mutanen wannan yanki a bakin teku, daga bakin waɗanda aka sayar. Wanda zai shiga wannan bincike ya shirya zuciyarsa. Yana iya tarar da kakansa cikin waɗanda aka kama, yana iya tarar da shi cikin masu kamun, kuma gidaje da yawa a Zazzau da kudancinta suna da jinin duka biyun.

Sau da yawa inda mutum ya sauka ya fi inda ya baro riƙe sawunsa. Sai dai can ma takarda takan canza masa riga. A Gana, duk wanda ya fito daga arewacin Najeriya yana jin Hausa yana zaune a zango, Bahaushe ne a idon hukuma, ko da Ba'adare ne ko Bagwari. Rundunar da Turawa suka kira ta Hausawa a can cike take da waɗanda ba Hausawa ba. A Sudan kuma, inda jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka nufa bayan yaƙin Burmi na 1903, ɗansa ya kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kowa Fallata ne ko Takari. Mutum ya bar gida yana Musa Kajuru, a Kumasi ya zama Musa Zariya, ɗansa ya zama Musa Hausa. Da gwamnatin Busia ta Gana ta kori baƙi marasa takarda a Nuwamban 1969, ta ba su mako biyu, iyalai da yawa sun dawo Najeriya ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba, domin sunan ƙauyen ya riga ya faɗi a hanya.

Kafanchan kuwa gari ne da jirgin ƙasa ya haifa. Tun da layin dogo daga Fatakwal ya haɗe da na Kaduna da reshen Jos a nan a 1927, sai Ibo da Yarbawa da Hausawa da sauransu suka cika shi, har fadar Sarkin Jama'a ta taso ta dawo garin a 1933. Ibo da yawa sun bar garin a 1966 da 'ya'yan da aka haifa a nan. Marubucin nan Biyi Bandele, a Kafanchan aka haife shi a 1967, iyayensa Yarbawan Abekuta, mahaifinsa tsohon sojan Bama. Labaran da ya ji a gida su ne ya gina littafinsa Burma Boy a kansu. Ya koma Landan a 1990, ya rasu a Legas a 2022. In an rubuta shi a ƙidayar Ingila ta 1991, jikokin jikokinsa za su buɗe shafin a 2092 su ga gidan da ya kwana a daren ƙidayar. A garin da aka yanke masa cibiya kuwa, sai dai su dace da littafin coci ko rajistar makaranta.

Saboda haka har gobe babbar rajistarmu tana bakin tsofaffi, musamman mata, don su suka san wa ya auri wa, wa aka yaye a gidan wa. Tambayarsu ma da dabara. Tsohuwa ba za ta kama sunan mijinta ba, ba za ta kama na ɗan farinta ba, sai ta ce maka "mai gidan nan" ko "yaron nan". Ka tafi da jika, wanda ke da damar tsokanarta, ko ka tambayi ƙanwarta. Kada ka ce mata wace shekara, ba ta ajiye kalanda ba. Ka ce, Iya, lokacin da Baba ya tafi, an yi diban gwamna zuwa haƙar kuza ko tukuna? Wannan 1942 zuwa 1944 ke nan. Sarauniya ta zo Kaduna? 1956. An koma tuƙi hannun dama? 1972. An canza fam da sule zuwa naira? 1973. Masu ƙidayar gwamnati ma da irin wannan jeri suke ƙiyasta shekarun tsofaffi. Ka kunna wayarka ka ɗauki muryarta, ka kuma tambayi wani tsoho daban a wani gidan, ka ga inda bakinsu ya zo ɗaya.

Yanzu ga inda nake so a saurare ni da kyau. A Kasuwan Magani tambayar "daga ina kakanka ya zo" ba tambayar hira ba ce. An yi rikici a kan ƙasa a garin tun 1980. A Fabrairun 2018 an ƙone gidaje da shaguna, ranar Alhamis 18 ga Oktoba na shekarar kuma 'yan sanda suka ce mutum 55 aka kashe. Kafanchan ta ga nata a 1987, Zangon Katab a 1992. A kowane kwamitin bincike, ɓangarori sukan zo da kwafin tsofaffin fayilolin nan na Turawa, kowa ya ja layi a ƙarƙashin jimlar da ta yi masa daɗi. Ni a ganina wannan ɗora wa takarda kayan da ba za ta iya ɗauka ba ne. Jami'in da ya rubuta rahoton kwana kaɗan ya yi a gundumar, ta bakin tafinta ya ji, kuma abin da ya kawo shi shi ne sanin nawa za a karɓa. Rahotonsa yana iya tabbatar maka cewa a shekara kaza akwai unguwa kaza da masu biyan haraji kaza. Ba zai raba gardamar wa ya fi wa haƙƙin zama ba, kuma wanda ya shiga gidan adana tarihi yana neman makami, zai fito da rabin shafi ne ya bar sauran rabin. Mai neman dangi da gaske yakan fito da abin da bai zata ba: kaka Ba'adara a gidan Bahaushe, ƙanen kaka da ya musulunta ya koma cikin gari, wani da ya shiga mishan ya zama malamin makaranta, duk tsatso ɗaya.

Kuma wutar da ake cinnawa ba ta tambayar adakar wa take ci. Rasit ɗin haraji, takardar sallama daga soja, katin baftisma, tsohon fasfon hajji, kundin malam da ya rubuta ranar haihuwar 'ya'yansa a gefen shafi, duk a gobarar rikici suke tafiya, ba kuma su da kwafi a ko'ina. Duk mai irin waɗannan a gida, ya ɗauki hotonsu da waya yau, ya aika wa 'yan'uwa biyu ko uku a garuruwa daban. Shugabannin coci da masu riƙe da tsofaffin littattafan kotu da na fadar hakimai su ma haka.

Saura Hukumar Ƙidaya. Waɗanda suka yi wayo a Maris 2006 suna tune da yadda aka hana fita, aka rubuta lamba da alli a bangon kowane gida, ma'aikata suka shigo suka rubuta sunan kowa, aka shafa mana tawada a yatsa. Ashe ke nan sunayen suna nan, ko dai sun taɓa kasancewa, gida gida, unguwa unguwa. Doka ta ce bayanan sirri ne, kuma daidai ne, Amurka da Ingila ma sirri ne a wurinsu har wa'adi ya cika. Abin da muka rasa shi ne wa'adin, da tabbacin cewa ana adana takardun har ya cika. Wannan aikin Majalisar Tarayya ne, kuma ya kamata a yi shi kafin ƙidaya mai zuwa, wadda aka ce da na'ura za a yi, don bayanin da ke cikin kwamfuta ya fi takarda saurin salwanta in babu mai kula. In da za a ɗauki shekara 72 irin ta Amurka, a 2078 za a buɗe ta 2006. Fom ɗin shekarar bai tambayi addini ba, bai tambayi ƙabila ba, sunaye ne da shekaru da sana'a. A gari irin Kasuwan Magani, inda unguwanni suka rabu bayan 2018, wasu suka tashi ba su dawo ba, shi ne rubutu na ƙarshe da ya nuna wa ke maƙwabtaka da wa kafin a watse. 'Yan majalisar da ke wakiltar Kajuru da Kachia da Jama'a suna da damar su tashi a zaure su tambayi hukumar a wane ɗaki ta ajiye waɗannan takardu, kuma a wane hali suke.